Ba lasifikar ce ta fashe ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran fiyano da kayan sauti ne a kasuwar Alaba da ke Ojo, nan Legas. Ina roƙon fili in yi magana da ƙannenmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta, don wani ƙorafi nasu ya ishe ni.

Makon jiya wani yaro mai ɗan situdiyo a Agege ya kinkimo lasifikokinsa biyu a danfo har shagona, wai sun fashe. In ya taɓa maɓallan sama sai wani siririn fito ya biyo kiɗan, kamar sauro a kunne. Na gwada su, lafiya ƙalau. Na ce, ƙanena, kunna kwamfutarka ka ja sautin sama a hankali. Kiɗan yana hawa, fiton yana sauka. Nan na kama ɓarawon: manhajar kyauta ce da ya sauko da ita daga intanet.

Kwamfuta ba ta riƙe sauti a dunƙule, tsinkar sa take yi, galibi sau 44,100 a daƙiƙa kamar na faifan CD. Ƙa'idar da ake dangantawa da masana Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce rabin wannan adadi, wato 22,050, shi ne iyakar kaɗawar sauti a daƙiƙa da za ta iya ɗauka daidai. To, sautin nan mai kaifi, mai siffar haƙoran zarto, da muke so a kiɗan rawa, ba shi kaɗai yake tafe ba. Yana da 'ya'ya: sautuka masu ninki biyu na kaɗawarsa, ninki uku, haka har illa masha Allahu. In manhaja ta zana zarton kai tsaye, 'ya'yan da suka haura iyaka ba ɓacewa suke yi ba, juyowa suke da baƙuwar murya. Ɗauki maɓallin A mai kaɗawa sau 3,520 a daƙiƙa. Ninkinsa na 12 shi ne 42,240. Cire shi daga 44,100, saura 1,860, ƙasa da uwar ma, kuma ba danginta ba ne. Wanda ya taɓa ganin tayar mota a fim kamar tana juyawa baya ya ga irin wannan da idonsa.

Abin takaicin, in ya riga ya shiga waƙa, ba matatar da za ta fid da shi ba tare da ta ci naman kiɗan ba. Tun a tushe ake magance shi. Wasu manhajojin suna ajiye zarto daban-daban, na maɓallan sama an rage masa 'ya'ya. Wasu suna ninka saurin tsinkar, su tace, sannan su dawo da shi, sai dai wannan yana wahalar da ƙaramar kwamfuta. Dabarar da ta fi burge ni ita ce goge bakin haƙorin daidai wurin da ya faɗo. Tim Stilson da Julius Smith na jami'ar Stanford a Amurka sun yi rubutu kan wannan matsala tun 1996, don haka mai sayar da manhaja yau ba shi da uzuri.

Kafin ku biya kuɗi, ko ku ɗora wa mai gyara da wutar NEPA laifi, ku kashe amsa-kuwwa da sauran kwalliya, ku bar zarto tsirara, ku hau da shi har maɓallin ƙarshe da abin sauraro a kunne. Yaron nan ban karɓi ko sisinsa ba, amma kuɗin motar lasifika biyu zuwa da komawa Agege ya riga ya tafi.

Naku,
Mai gyaran kayan sauti,
Alaba, Legas