Bindigar Kaka ta fallasa kanta

Assalamu alaikum aminina,

Ya Kumasi, ya iyali, ya jama'a? Fatan kowa lafiya. Mu ma nan alhamdulillahi sai zafi.

Ka tuna bindigar nan mai baki biyu da ke rataye a turakar Kaka, wadda yake korarmu in mun matsa kusa da ita? To da aka zo rabon gado ita ce ta faɗo hannuna, kowa na ta cewa ai na dace, wai ta Ingila ce Baturen D.O. ya ba shi, kuma ga W. Richards an zana a gefenta ɓaro ɓaro. Ni ma har na fara jin kaina wallahi.

Sai wani dattijo tsohon maharbi ya ce min yaro bar kallon sunan, ciro katakon gaba ka kwance bututun ka duba ƙarƙashinsu, nan gaskiya take. Na goge tsatsar da ɗan tsumma da mai, na haska da fitilar waya, sai ga wani ɗan zane mai siffar ƙwai da haruffa E L G a ciki, tauraro a ƙasa, kambin sarauta a sama. Ashe tambarin gidan gwajin bindigogi na Liyej ne a Beljiyam! In ta Birmingham ce da BP ko BV zan gani. Sunan kuwa dabara ce ta 'yan kasuwa, su buga W. Richards a kan mai araha don mai saye ya zaci ta Westley Richards ce, sanannen kamfanin ƙera bindigogi na Birmingham a Ingila. Kaka dai Allah ya jiƙansa, ko an yi masa wayo ko shi ya yi mana.

Kambin nan shi ya fi burge ni, don sai daga 1893 aka fara sa shi a kan ƙwan, sannan akwai 12 da C a cikin wani zane mai kusurwa huɗu, wanda aka daina bugawa a 1924, kaga kenan ta haura shekara ɗari ko ta wane lissafi. Na nemi hoton zaki da haruffa PV, alamar an gwada ta da albarushin zamani mara hayaƙi, babu shi. Ga bututun irin na murɗaɗɗen ƙarfe ne, zanen kamar igiyar ruwa, kyau kam ba magana, amma tsatsa na ɓuya a tsakanin murɗin, ka sa mata harsashin yanzu tana iya tsagewa a hannunka. Ƙanena ya matsa wai mu gwada ta ranar sallah, na ce ba da yatsuna ba.

Yanzu maganar lasisi nake bi wajen 'yan sanda, don bana son fitina. Baba Ƙarami kuma har yau bai yarda ba, ya ce Bature baya kyautar jabu. Zan turo maka hotunan ta WhatsApp ka gani da idonka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.