Mun sauka Galmi lafiya

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Tawagarmu ta aikin bishara ta sauka Galmi, a jihar Tawa ta Nijar, jiya da yamma. Ta Illela muka tsallaka zuwa Birnin Konni, daga nan muka miƙa gabas. Mun gode da addu'o'inku.

Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne lissafin kuɗi. Hausa ɗaya muke yi da mutanen nan, amma da muka shiga kasuwa sai muka zama baƙi! Da dala suke ƙidaya, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Mai shayi ya ce mini dala ashirin, na tsaya ina lalube, ashe sefa 100 yake nufi. Ya yi ta dariya, ya kuma ƙara mini shayi. Makaranta ma lakwal suke ce mata. Albasa kuwa, ba a banza sunan Galmi ya yi nisa ba, ga ta nan buhu-buhu a bakin titi.

Da safe mun leƙa asibitin da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950. Tun da asuba marasa lafiya suke layi, har da ƴan Najeriya. Jikina ya yi sanyi.

Masu zuwa a rukuni na biyu, ku riƙo katin rigakafin shawara, ku canji sefa tun a iyaka. Hotuna sai anjima, intanet na jan ƙafa.