Ba kowace cutar tumatir ce Sharon ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu shuka tumatir da dankalin Turawa a bayan gida, musamman iyayenmu mata da suka rungumi noman buhu a Gusau da Talata Mafara.

Tun bayan ɓarnar da tsutsar Sharon ta yi a shekarar 2016, da zarar ganyen tumatir ya fara bushewa sai a garzaya kasuwa a sayo maganin ƙwari a yi ta feshi, alhali sau da yawa abin da ke cin shukar a watan Agusta ba ƙwaro ba ne, cutar funfuna ce wadda laima da raɓa suke rayawa. Sharon tana shiga cikin ganye ta cinye shi ya koma fari fes, kuma tana huda ɗan tumatir. Ita kuwa wannan cutar funfuna, wato ƙunar ganye, daga ƙasa take farawa da tabo mai ruwan ƙasa, zobe cikin zobe, gefensa ya yi ɗorawa. Akwai wadda ta fi ta muni, mai son sanyi da yayyafi, wadda ke baƙanta ganye da kara cikin 'yan kwanaki, ta bar farin gashi a bayan ganye da sassafe. Ita ce ta jefa ƙasar Ireland cikin yunwa daga 1845, kuma har yau manoman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu na Jihar Filato suna fama da ita.

A ganina rabin maganin yana hannun mai shuka. A tsinke ganyen ƙasa da ya kamu a ƙone shi ko a binne, kada a watsa a juji, domin cutar za ta biyo takin ta dawo. A zuba ruwa a gindi da safe, ba a kan ganye da yamma ba, a kafa wa tumatir sanda, a kuma raba buhuna yadda iska za ta ratsa. Ƙasar da ta ɗauki tumatir bana kada a sa mata dankalin Turawa ko tattasai ko gauta baɗi, domin duk dangi ɗaya ne. Idan za a yi feshi, maganin funfuna irin su mancozeb ake nema, shi ma rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya ƙone. Mai dankali kuma ya sare ganyen kimanin mako 2 kafin tono, don kada cutar ta bi shi rumbu.

Abin takaici shi ne wasu masu sayar da magani, maimakon su tambayi kamannin tabon, duk kwalbar da ke kusa ita suke miƙawa. Ina kira ga ma'aikatar aikin gona ta jiha da gidajen rediyonmu su riƙa gayyato malaman gona suna bayyana wannan bambanci tun watan Yuni, kafin ruwa ya kankama.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Talata Mafara, Jihar Zamfara.