Rahoton ayyukan shekara na kungiyarmu ta masu kiwo a Jos

Assalamu alaikum iyayenmu da yan uwa membobi. Babban aikin da mukayi bana shine zaman wayar da kai akan rarrabe cututtukan dabbobi, saboda matsalarmu kowa ya santa, da saniya ta ki cin abinci sai a zuko allurar LA, wato maganin kashe kwayar cuta mai dadewa a jiki, a danna mata ko ba a san meke damunta ba, kudi na tafiya dabba na ramewa.

Likitan dabbobi da muka gayyato ya kasa mana su bisa yadda suke samuwa. Akwai masu bi daga dabba zuwa dabba ta numfashi da yawu da mashaya daya, irinsu boru (ciwon baki da kofato) da ciwon huhu da fakat din kaji, kuma boru da fakat LA bata kashe kwayarsu sam. Nan ne muka yanke cewa duk wanda ya sayo dabba a kara ta Bukuru ya wareta sati biyu zuwa uku kafin ya hadata da garke. Akwai na kwari, kudan tsando ke kawo sammore mai ramar da dabba, kirci kuma ciwon fata ne, kaska ce ke tsananta shi da damina, ita tsutsar hanta daga fadama ake kwasota.

Inda muka fi dadewa shine cutar saifa, don kwayarta na kwanciya cikin kasa shekaru da yawa kuma tana kama mutum, kun tuna ta bulla a Suleja a 2023. Dan Allah dabbar da ta fadi ta mutu farat daya, bakin jini na fita ta hanci baya daskarewa, kar a fede ta, kar a sayarwa mahauta, a kira likita a binne ta da zurfi. Bakale ma haka, yana sa barin ciki kuma yana shiga jikin mutum ta danyen nono, shiyasa muka roki iyayenmu mata su rika dafawa.

Kumburin ciki da hadiyar leda basa yaduwa, kula da abinci ne kawai.

Mun kuma kai ziyara cibiyar binciken dabbobi ta Vom wadda take aiki tun 1924, mun ga inda ake hada allurar rigakafi, rigakafi ne dai ya kawar da cutar bushiya ta shanu daga duniya a 2011. Badi insha Allah zamu sayi kula da kankara don dauko allura, zafi na lalata ta a hanya, masu bashin kudin wata su taimaka su biya kafin damina ta fadi.