Amsa ga Baba Alhaji na Ƙofar Marusa kan kumburi da dekza

Assalamu alaikum Baba Alhaji, an wuni lafiya, ya iyali ya kuma zafin garin nan namu. Ranar da na shiga shirin lafiya a rediyo ka bugo waya, lokaci ya ƙare ban ba ka amsa yadda ya kamata ba, wallahi abin ya tsaya mani a rai. Ka ce tunda mun ce kumburi da zazzaɓi jiki ne ke kare kansa, mi ya sa lokacin korona likitoci suka riƙa ba mutane dekza, wato maganin nan deksametazon, don a kwantar da kumburin, in kuma har ta ceci rai a lokacin to mi ya sa muke hana ka sayenta a kemis in jikanka ya yi maruru.

Ni aikina gwajin jini ne Baba, don haka bari in fara daga marurun. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda suka fi yawa, ana ce masu niyutrofil, ɓargon babban mutum yana ƙera kusan biliyan 100 daga cikinsu kullum, kuma in ba su samu aiki ba yawanci ba sa wuce yini ɗaya a cikin jini sai su mutu da kansu. To in ƙwayar cuta ta shiga fata, ƙwayoyin jikin da ke wurin sai su saki wasu ƙananan sinadarai da muke kira saitokain, irin su TNF da intalukin 1 da intalukin 6, kamar dai yadda ake yekuwar gayya a ƙauye. Su ne ke buɗe hanyoyin jini wurin ya yi ja ya yi zafi ya kumbura, su ne ke isa ƙwaƙwalwa jiki ya ɗau zazzaɓi. Amma akwai aikinsu da mutane ba su cika sani ba, wasu daga cikin sinadaran nan, musamman wanda ake kira GM-CSF, suna hana niyutrofil mutuwa da wuri, sai su ƙara kwanaki suna aiki a wurin. Mugunyar da ka gani a marurun yaron nan yawancinta gawarwakinsu ne.

'Yan gayya in an gama noma gida suke komawa, su kuwa waɗannan ba su da gidan komawa, mutuwa suke yi, kuma yadda suka mutu ɗin shi ne komai. Akwai mutuwar shiru, ƙwayar ta ƙanƙance ta naɗe kayan cikinta ba ta zubar da komai ba, wasu masana uku a Abadin ta Sukotland, Kerr da Wyllie da Currie, su suka raɗa mata suna afotosis a 1972. Sai wata babbar ƙwaya mai suna makrofaj ta zo ta haɗiye gawar, kuma da ta haɗiye sai ta canza saƙon da take aikawa, ta fara sakin sinadarai masu kwantar da kumburi irin su intalukin 10. Wato mutuwar masu aikin ita ce ke sanar da jiki an gama, a fara gyaran nama. Ni duk lokacin da na tuna wannan sai na ce Allah mai iko, shekaru ina kallon ƙwayoyin nan amma har yau abin bai daina ba ni mamaki ba.

Haka kaluluwa take. In mutum ya ji ciwo a ƙafa ta fito masa a matsematsi, wasu ƙwayoyi ne masu suna limfosait ke hayayyafa a ciki, intalukin 2 ne ke ciyar da su. Da cutar ta kau saƙon ya ragu, kusan 9 cikin 10 sai su mutu, kaluluwar ta saɓe. 'Yan kaɗan da suka rage intalukin 7 da 15 ke riƙe da ransu shekara da shekaru, su ne ke tuna cutar, kuma a kan irin wannan tunawa rigakafin ƙyanda da ake yi wa yaranmu ya dogara.

TNF kuwa labarinsa ya fi rikitarwa. A 1975 Lloyd Old da abokan aikinsa a Niyok ta Amurka suka gano shi, sun ga yana ruɓar da ƙari a jikin ɓeraye. Daga baya aka gane saƙo ɗaya ne yana shiga ta ƙofa ɗaya amma yana iya sa ƙwaya ta ƙara ƙarfi ta rayu, ko ta yi mutuwar shirun nan, ko kuma ta fashe ta zubar da cikinta kumburin ya ƙara tashi, ya danganta da halin da ƙwayar ke ciki a lokacin. A Gambiya an samu TNF ya yi yawa ƙwarai a jinin yaran da maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, amma kuma shi ɗin dai shi ke taimakawa a killace ƙwayar tarin tibi a cikin huhu ta kasa yaɗuwa, shi ya sa kafin a ba mai ciwon gaɓɓai maganin da ke toshe TNF sai an fara gwada shi ko yana ɗauke da tibi a ɓoye.

To yanzu ga dekza. A 2020 an yi babban gwaji a Ingila mai suna RECOVERY, aka ga ta rage mutuwa da kusan kashi 1 cikin 3 ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kusan 1 cikin 5 ga waɗanda aka sa wa iskar oksijin, amma waɗanda ba su kai ga buƙatar oksijin ba ba ta amfane su ba. Ka ga magani ɗaya cuta ɗaya, bambancin lokaci ne. Waɗancan yekuwar ce ta ƙi tsayawa har ta fara lalata huhunsu, rage ta shi ne ceto. Jikanka kuwa yekuwarsa daidai take, aiki ake tsaka da yi. In ka ba shi dekza za ta danne saitokain, ta kuma sa limfosait su mutu, ja da zafin su ragu ka ɗauka ya warke alhali ƙwayar cutar na nan tana cin gabanta, har tana iya shiga jini.

Na taɓa duba jinin wata yarinya da ta yi watanni tana shan dekza don ta yi ƙiba, fuska ta cika kowa na cewa ta yi kyau, amma limfosait ɗinta sun yi ƙasa suga ya hau, ɗan ƙurji kuma ya ƙi warkewa. Abin ya dame ni ƙwarai don 'ya'yanmu mata da yawa a garin nan suna sha ba su san abin da take yi masu ba. Kuma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke ta dare ɗaya, wannan ma haɗari ne, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Shi yaron a riƙa gasa masa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada a matse musamman in a fuska yake. In ya girma ko jan yana bazuwa ko zazzaɓi ya shigo, a kai shi asibiti a duba ko sai an tsaga an fitar da mugunyar, a kuma yi masa gwajin maleriya. Allah ya ba shi lafiya Baba, ka gaishe mani da su Hajiya.