Fumfunar da ke kan albasa da wadda ke cikin gyaɗa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana masu fataucin kayan abinci tsakanin Arewa da Legas a kan fumfuna, wadda muka ɗauka asarar kuɗi ce kawai, alhali binciken masana ya nuna cewa lamarin ya shafi lafiyar duk wanda ke cin abin da muke sayarwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake sauke albasa a kasuwar Mile 12 ya san baƙin garin nan mai kama da kunkunniya da ke kwanciya a ƙarƙashin ɓawon albasa, musamman idan mota ta kwana biyu a hanya a lulluɓe da tamfol, kayan suka yi zufa, sannan suka iso cikin danshin Legas. Masana suna kiran wannan fumfuna Aspergillus niger. Tana zaune ne a cikin ƙasa, ƙwayoyinta suna yawo a iska, kuma ta wuyan albasar da ba ta gama bushewa ba ko ta inda aka ji mata rauni take shiga. Takan kama kunnen mutum ta jawo ƙaiƙayi da ciwo, wasu nau'o'inta kuma suna fitar da gubar da ke taɓa ƙoda.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne wannan fumfuna tana daga cikin halittun da masana'antu suka fi cin moriyarsu. A shekarar 1917 wani masanin sinadaran abinci a Amurka mai suna James Currie ya gano cewa idan aka ciyar da ita ruwan sukari a yanayi mai tsami, tana samar da sitirik asid mai yawa, wato sinadarin da ke sa lemon tsami tsami. Kafin nan daga lemon Italiya ake tatsar sa, amma cikin 'yan shekaru kamfanin Pfizer ya fara samar da shi ta sabuwar hanyar, kuma a yau kusan duk sitirik asid ɗin da ke cikin lemon kwalba da alewa da magunguna daga wannan fumfuna yake fitowa, ƙasar Sin ce kuma kan gaba wajen yin sa. Abincin da ake ba ta bai wuce sitacin masara ko na rogo ko ragowar ruwan rake ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma ga cibiyar binciken masana'antu ta tarayya a Oshodi, don haka ban ga dalilin da zai sa mu ci gaba da sayen wannan sinadari daga waje ba.

Sai dai abin da ya fi damuna ita ce 'yar uwarta, Aspergillus flavus, mai launin kore-kore da ɗorawa, wadda ke kama gyaɗa da masara da busasshen barkono. Ita ce ke fitar da gubar afilatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan guba cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu. Binciken da aka yi a Benin da Togo ya kuma danganta ta da tsumburewar yara.

Baƙin garin albasa kowa yana ganin sa, mai saye yakan ƙi taya ko ya rage kuɗi. Ita kuwa wannan guba ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, dafuwa da suya ba sa kashe ta, kuma idan saniya ta ci gurɓataccen abinci takan fito a madararta. Mu faɗa wa juna gaskiya: gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta yanƙwane ko ta sake launi, ba zubar da ita ake yi ba. Ana sayar da ita da araha, ta koma ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kunun gyaɗa, inda niƙa ya riga ya ɓoye aibinta, kuma talaka da 'ya'yansa ne suke cin mafi yawanta. Haka masarar da ruwa ya taɓa take komawa gari ko abincin kaji.

Maganin ba a nesa yake ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, ta samar da Aflasafe, wato ƙwayoyin dawa da aka shafe da nau'in Aspergillus flavus wanda ba ya fitar da guba. Manomi yakan watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako 2 zuwa 3 kafin amfanin gona ya yi fure, sai maras gubar ta riga mai gubar kama wuri, kuma gwaje-gwaje sun nuna gubar tana raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Amma mu da ke ƙarshen hanya ma muna da namu aikin, domin buhun da ya baro gona lafiya yana iya lalacewa a rumfar da ke yoyo. A shanya kaya a kan tamfol maimakon tsurar ƙasa, a tabbata sun bushe ƙayau kafin a ɗura, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, abin da aka tsince kuma a binne shi ko a ƙone, kada a ba mutum ko dabba.

Ina kira ga shugabannin kasuwanninmu da sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da su gayyaci jami'an NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da malaman jami'a su zo su yi wa 'yan kasuwa bayani da Hausa, tun kafin damina mai zuwa ta kankama. Ita ma wannan jarida, ina fata za ta tura wakilinta ya zagaya rumbunan ajiya ya ga yadda ake jibge buhunan gyaɗa da masara.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Agege, Legas.