Rahoton Kwamitin Ruwa Kan Kammala Ginin Madatsa da Tankin Unguwa

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwanmu.

Aikin madatsar ruwa da kuka ɗora mana ya kammala, kuma damina guda cur ta wuce ta kansa bai motsa ba. Da gangan muka jinkirta wannan rahoto har ruwa ya ɗauke, domin ba ma so mu ce muku an gama alhali ruwan Agusta bai gwada ginin ba.

Kowa ya san abin da ya kai mu. Ruwan famfo da ake tacewa a Tamburawa da Challawa ba ya isowa wannan gefe na gari yadda ake buƙata, gidaje sun ƙaru, bututu bai ƙaru ba. Rijiyoyin burtsatse kuma, ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan yana maƙale ne a tsagogin dutsen, shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Da bazara ta kama, uwa za ta tsaya a ƙofar gida tun sanyin safiya tana jiran kurar 'yan garuwa, yara su makara makaranta saboda jarka. Ga kuma kwarin da ke bayan unguwa, wanda duk damina yake cika maƙil ya wuce da ruwan a banza, kafin hunturu ya koma yashi.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce me ya sa kuɗi masu yawa suka tafi kafin a ga ko taku ɗaya na gini a sama. Wasu sun faɗa a gabanmu, wasu a bayan ido, kuma ba mu ga laifin kowa ba, gumin mutane ne. Ga amsar.

Kun tuna shingen ƙasa da buhunan yashi da matasa suka yi a wurin da aikin gayya, wanda ruwa ya kwashe a dare ɗaya. A taron farko wani dattijo ya ce ai Tiga ma, da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ƙasa aka tare ta, haka madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye da aka kammala a 1992, to don me mu za mu nace wa siminti? Gaskiya ya faɗa. Sai dai injiniyan da ya taimaka mana, ɗan unguwar nan ne kuma bai karɓi ko sisi ba, ya bayyana cewa waɗancan manyan madatsu an yi musu hanyar fitar da rarar ruwa daban, ba a barin ruwa ya hau kan bangon ƙasar. Namu kwarin matsattse ne, gidaje da gonaki dama da hagu, ba inda za a karkatar da ruwa. Dole ya bi ta kan bangon. Bangon ƙasa kuwa da zarar ruwa ya haura shi, ya fara cin bayansa ke nan har ya ɓalle. Wannan ne ya sa muka zaɓi kankare.

Shi kuma kankare ba a ɗora shi a kan yashi. Ruwa ba ya buƙatar ya ture bango, ya ishe shi ya sami hanya ta ƙarƙashi, yana sulalewa yana ɗauke yashi kaɗan-kaɗan har ginin ya zauna a kan iska. Saboda haka aka yi ta haƙa. An wuce yashi, an wuce laka, an shiga marmara, leburori suna tsaye a rami ruwa yana tsattsafo musu a ƙafa ana kwarfewa da bokiti. Sau biyu birkila ya ce ya isa haka, injiniya ya sauka da kansa ya buga diga, ya ji ƙarar ta nutse, ya ce a ci gaba. Ranar da aka kai ga fa, bakin diga ya yi tsalle ya ba da tartsatsi, ƙarar ta fito tas kamar an bugi ƙarfe, duk wanda ke bakin ramin ya ji bambancin. A kan wannan dutse aka sassaƙa gurbi, aka wanke shi da ruwa da tsintsiya, aka kafa rodi, sannan aka fara zubi. Haka aka cusa fukafukan bangon cikin gaɓar kwarin ta kowane ɓangare don kada ruwa ya zagaye. Wannan ɓangare da ba wanda zai sake gani da ido shi ya fi cin siminti, kuma da za a sake ba mu aikin, haka za mu sake yi.

Za ku ga bangon ya fi kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Ba ado ba ne. Nauyin da ruwa ke dannawa yana ƙaruwa da zurfi: duk mita ɗaya da aka nutsa, ana ƙara kusan nauyin tan ɗaya a kan kowace murabba'in mita ta bango. Nauyin ginin kansa shi ke riƙe ruwan. A tsakiya an rage tsayi an bar baki mai faɗi inda rarar ruwa ke zuba, ƙasansa kuma an shimfiɗa daɓen kankare da manyan duwatsu don ruwan da ya faɗo ya karya ƙarfinsa a nan, kada ya haƙe gindin bangon.

Kwaɓin da aka yi amfani da shi awo ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma mun sa mutum biyu daga kwamiti suna ƙirga kwanon sarki a kowane zubi. A nan muka sami matsala ɗaya da ya kamata ku sani. Wani mai tifa ya kawo mana yashi har sawu biyu wanda a ido ba shi da aibu. Injiniya ya ɗebi kaɗan ya zuba a kwalba, ya ƙara ruwa ya girgiza ya ajiye. Da ya kwanta sai ga laka ta yi kauri a saman yashin. Mun mayar da shi, mun yi asarar kuɗin dako da kwanaki na aiki, kuma hakan yana rubuce a littafin ma'aji. Zubi kuwa daga idar da sallar asuba ake farawa, a tsaya kafin rana ta take, saboda zafi yana busar da kankare kafin ya kama. Bayan kowane zubi an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna ana yi masa ban-ruwa safe da yamma, domin sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafi da shi. Iyayenmu mata ne suka ɗauki wannan nauyi, a lokacin da su kansu sayen ruwan suke yi. Allah ya saka musu da alheri.

Muna roƙon a fahimci abu ɗaya: ruwan da ke kwance a bayan madatsa ba na sha ba ne kai tsaye. Yana bi ta bututu zuwa ramin tacewa mai tsakuwa da yashi, daga nan famfo mai aiki da sola ya tura shi tankin kankare da ke kan tudu, a sa masa kulorin, sannan ya sauko kawunan famfo. Kafin mu buɗe sai da muka kai samfurinsa ɗakin gwaji. Duk mutumin Kano ya san abin da Jakara ta zama da aka mayar da ita makwarara, kuma kwarinmu ba abin da zai hana shi zama haka idan aka saki baki. Shi ya sa mai unguwa ya hana zubar da shara, wankin babur da sakin ruwan masai a saman madatsa. An kewaye wurin da waya, an sa ƙofa da kwaɗo. Don Allah a tsawata wa yara: ruwan yana da zurfi a gindin bango, kuma wanka a ruwa kwantacce shi ke kawo tsargiya.

Masu lambu da ke ƙasa da mu sun nuna damuwa tun farko cewa za mu tare musu ruwa. An zauna a gaban dagaci, aka amince a bar bututu a gindin bango da za a riƙa buɗe musu. Shi ne kuma zai taimaka wajen fitar da laka.

Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da yawanmu ba mu runtsa ba. Muna tsaye a gaɓa da tocila, jiƙe sharkaf, muna kallon ruwan yana hawa har ya kai bakin da aka bar masa, ya zubo ta kai da rugugi. Da gari ya waye injiniya ya bi bayan bangon taku-taku yana shafawa da tafin hannu, yana neman inda ke tsattsafo. Wuri ɗaya ya samu, a haɗin zubi biyu, an toshe shi bayan ruwa ya ja baya.

Abin da ya rage: laka ta fara taruwa, za a kira gayyar yashe ta a ƙarshen rani. Ruwan kuma zai ragu sosai a watan Maris da Afrilu saboda rana na shan nata kason, don haka za a riƙa buɗe famfo safe da yamma kawai a lokacin. Ɗan abin da za a riƙa biya kan kowace jarka, don sayen kulorin da biyan mai gadi, taron unguwa ne zai yanke shi, kuma mun gayyaci 'yan garuwa su zo a yi da su. Littafin shiga da fitar kuɗi, da rasiɗan siminti da rodi, suna hannun ma'aji, za a shimfiɗa su a ƙofar gidan mai unguwa ranar Asabar bayan la'asar ga duk mai son dubawa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.